Bashin da kamfani ke bi: yadda za ka auna shi kafin ka sayi hannun jari

Kamfani zai iya bayyana ribar biliyoyin naira a ƙarshen shekara, jaridu su buga, farashin hannun jarinsa ya ɗaga, alhali asusunsa na banki bai ga rabin kuɗin ba. Ba lallai ne ƙarya aka yi ba. Ƙa'idar lissafin kamfanoni ta yarda a rubuta ciniki ranar da aka miƙa kaya ko aka kammala aiki, ko da kuɗin bai shigo hannu ba tukuna. Abin da ya rage a hannun mutane tsakanin ranar ciniki da ranar biya shi ne bashin da kamfani ke bi, kuma cikin kadarori ake lissafa shi, kusa da tsabar kuɗi da gine-gine da hannayen jari. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Don haka ganinsa a rahoto ba aibi ba ne. Abin dubawa shi ne wa ake bi, tun yaushe ake binsa, kuma nawa ne zai dawo.

A kamfanin zuba jari lamarin ya fi ruɗarwa. Kamfanin siminti ko na sukari dillalai yake bi, kowa ya san su. Shi kuwa kamfanin da sana'arsa ita ce mallakar wasu kamfanoni ko juya kuɗin jama'a, kamar Transcorp, United Capital ko Custodian Investment da ke kasuwar hannayen jari ta NGX a Legas, yakan tara basussuka iri biyar ko shida a layi guda, wani lafiyayye ƙalau, wani kuma ya daɗe da mutuwa ba a dai cire shi daga littafi ba. Ga yadda ake rarrabe su.

Mataki na farko: ka samo rahoton da ya dace

Ka nemi cikakken rahoton kuɗi na shekara wanda oditoci suka sa wa hannu, ba taƙaitaccen bayanin da ake rabawa 'yan jarida ba. Ana samunsa kyauta a shafin intanet na NGX da na kamfanin. Ƙa'idar kasuwa ta ba kamfanoni kwana 90 bayan rufe shekara su miƙa shi, rahoton wata uku-uku kuma kwana 30, amma shi na wata ukun ba a bincike shi ba. Ka sauke na shekara uku aƙalla, biyar ya fi. Rahoton shekara ɗaya ba zai nuna maka ko bashin ƙaruwa yake yi ko raguwa ba.

Da turanci ake rubuta rahotannin, kalmar da za ka nema a jadawalin kadarori ita ce receivables. A gefenta akwai ƙaramar lamba da ke kai ka ga bayanin da ke can ƙarshen rahoto. Can ne aikin yake.

Za ka ga ginshiƙai biyu a kowane shafi: na rukunin kamfanoni gaba ɗaya, da na uwar kamfani ita kaɗai. Mutane da yawa ɗaya suke karantawa su wuce, kuma kuskure ne babba a irin wannan kamfani. A ginshiƙin rukuni an share duk bashin da ke tsakanin uwa da 'ya'yanta, sai wanda ake bin mutanen waje ya rage. A ginshiƙin uwa kuwa za ka ga rancen da ta ba rassanta da rabon ribar da suka yi mata alƙawari ba su biya ba. Kai hannun jarin uwa ka saya, kuma daga ribar uwa ake biyan ka. Idan ribar uwar takarda ce daga reshen da shi ma jiran biya yake yi, to rabon da ake yi maka ko dai rance aka ciyo aka biya shi, ko kuma zai tsaya wata rana.

Mataki na biyu: ka fasa lambar gida-gida

Ka ɗauki takarda ka rubuta kowane irin bashi a layinsa, domin haɗarinsu ba ɗaya ba ne.

Akwai bashin ciniki na ainihi: wutar da aka sayar, ɗakunan otal da aka ba ma'aikatu, gidajen da aka sayar ana biya kaɗan-kaɗan. Akwai ladan aiki da ba a karɓa ba, wato kuɗin kula da asusun zuba jari, na riƙon amana, ko na ba gwamnatin jiha shawara wajen sayar da takardun bashi. Ladan kula da asusu mai sauƙin karɓa ne, tunda kuɗin yana hannun kamfanin, cira kawai zai yi. Ladan ba da shawara kuwa yakan daɗe, musamman idan gwamnati ta sauya kafin a biya.

Akwai rabon riba da kuɗin ruwa da suka nuna amma ba su iso ba. Akwai kuɗin hannayen jarin da aka sayar dab da rufe shekara, wanda kamfanin CSCS, mai kammala biyan cinikin hannayen jari, ke warwarewa cikin 'yan kwanakin aiki. Wannan bai kamata ya dame ka ba, sai fa in ka ga lamba ɗaya tana maimaita kanta shekara da shekara, abin da ciniki na kwana biyu ko uku ba ya yi.

Akwai harajin da abokan ciniki suka cire tun daga tushe suka miƙa wa gwamnati a madadin kamfanin. Ana rubuta shi a matsayin bashi, amma ba kuɗi ba ne da za a turo a asusu. Amfaninsa a rage harajin da kamfanin zai biya nan gaba, kuma sai an samu takardar shaida daga hukumar haraji. In ya yi ta taruwa ya fi harajin da kamfanin ke biya a shekara, darajarsa ba ta kai abin da aka rubuta ba.

Haka nan kuɗin da aka biya tun kafin lokaci, kamar hayar ofis ta shekara biyu ko inshora, wasu kamfanoni kan cusa shi a wannan layi. Ka cire shi gaba ɗaya daga lissafinka, ba mai dawo da shi.

Sai na ƙarshe, wanda ake kira "sauran basussuka" ba tare da bayani ba. Ni wannan layin nake fara dubawa. In ƙarami ne, ka wuce. In ya kai kashi 10 cikin 100 na dukiyar masu hannun jari kuma ba a faɗi wa ake bi ba, kamfanin ya ɓoye maka abin da ya kamata ka sani, kuma wannan kaɗai ya isa ka dakata.

Mataki na uku: wa ake bi?

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci, domin naira biliyan 10 a hannun mutum dubu daban take da naira biliyan 10 a hannun mutum ɗaya. Rahoton yana da sashe kan haɗarin bashi, inda ƙa'ida ta tilasta a faɗi idan bashin ya taru a wuri guda.

Transcorp misali ne mai kyau ga mai koyo, saboda labarinsa a fili yake. Kamfanin, wanda Tony Elumelu ke shugabantar hukumar daraktocinsa, yana da otal ɗin Transcorp Hilton na Abuja, ya sayi tashar wutar Ughelli ta jihar Delta lokacin da aka sayar da kadarorin lantarki a 2013, ya ƙara da tashar Afam ta jihar Ribas a 2020. A watan Maris na 2024 aka shigar da reshensa Transcorp Power kasuwar NGX da kansa. Mafi yawan cinikin rukunin daga wuta yake fitowa, don haka mafi yawan bashin da yake bi ma daga can ne.

To wa ke sayen wutar? A tsarin da aka gina, kamfanin NBET mallakar gwamnatin tarayya shi ne babban mai saye daga tashoshi, ya sayar wa kamfanonin rarraba wuta guda 11, irin su KEDCO ta Kano, da na Kaduna, Jos da Yola. Su kuma su karɓi kuɗi a hannun jama'a su mayar. Sai dai kuɗin ba ya dawowa cikakke. Wasu masu amfani da wuta ba su da mita, wasu ba sa biya, wata wutar tana salwanta a kan waya, farashin da hukuma ta ƙayyade kuma ya daɗe yana ƙasa da abin da ake kashewa, gwamnati ta ce za ta cike giɓin a matsayin tallafi amma biyan yana jinkiri. Tun a 2017 sai da aka amince da wani shiri na naira biliyan 701 don NBET ya riƙa biyan tashoshi. A 2025 kamfanonin samar da wuta sun ce bashin da suke bi ya kai kimanin naira tiriliyan 4.

Ka ga ke nan wanda ya sayi hannun jarin irin wannan kamfani, ko na Geregu Power da ya shiga kasuwa a 2022, wani ɓangare na dukiyarsa alƙawarin gwamnati ne. Gwamnati ba ta karyewa yadda ɗan kasuwa ke karyewa, wannan gaskiya ne, kuma shi ne hujjar da kamfanoni ke kafawa idan suka ware ɗan tanadin asara kaɗan a kan irin wannan bashi. Amma gwamnati tana da hanyoyi uku na rage maka kuɗi ba tare da ta ce ba za ta biya ba. Za ta iya jinkirtawa shekaru. Za ta iya kafa kwamitin tantancewa ya ce wani kaso na takardun bai inganta ba. Za ta iya biya da takardar alƙawari maimakon kuɗi, kamar yadda ofishin kula da basussuka na DMO ya fara yi wa dillalan man fetur a ƙarshen 2018, wanda in kana buƙatar kuɗi yau sai ka karyar da takardar a banki.

Akwai wani abu da ke sassauta lamarin, kuma adalci ne a faɗe shi. Tashar da ake jinkirta wa biya ita ma takan jinkirta wa masu ba ta iskar gas. Saboda haka ka duba ɗaya ɓangaren jadawalin, wajen bashin da ake bin kamfanin. In bashin da yake bi ya ƙaru da biliyan 50, wanda ake binsa ya ƙaru da biliyan 40, nauyin da ya ɗauka a aljihunsa biliyan 10 ne. Sai dai wannan sauƙi na ɗan lokaci ne. Mai gas yana iya rufe bututu, kuma kamfanin da ke rayuwa da haƙurin masu binsa ba shi ke da iko da gobensa ba.

Mataki na huɗu: ka ƙirga kwanaki, sannan ka nemi kuɗin

Lissafin mai sauƙi ne. Ka raba bashin ciniki da cinikin shekara, ka ninka da 365. Abin da ya fito shi ne kimanin kwanakin da kamfanin ke jira kafin a biya shi.

Bari mu ƙirƙiri kamfani na misali. A ce bara ya yi cinikin naira biliyan 80, yana bin biliyan 32. Kwana 146 ke nan. Bana ya yi cinikin biliyan 100, yana bin biliyan 60. Kwana 219. Ciniki ya ƙaru da kashi 25 cikin 100, abin da shugaban kamfani zai faɗa da alfahari a taron shekara, amma bashi ya ƙaru da kashi 87.5. Yanzu ka cire ƙarin bashin, biliyan 28, daga cinikin bana. Kuɗin da ya shigo hannu kimanin biliyan 72 ne. Duk ƙarin cinikin da aka yi, har da wani abu a kai, a takarda ya tsaya.

Abubuwa uku za ka kiyaye. Ka yi amfani da bashin kafin a cire tanadin asara, domin in ka ɗauki wanda aka riga aka rage, kamfanin da bashinsa ke mutuwa zai yi kama da mai saurin karɓa. In rahoton wata uku ne, ka ninka da 90 maimakon 365. Na uku ya shafi kamfanin zuba jari musamman: ka haɗa kowane bashi da cinikin da ya haife shi. Ladan da ba a karɓa ba a auna shi da kuɗin lada, bashin wuta da cinikin wuta. In ka raba da jimillar kuɗin shiga, wadda ta haɗa da tashin farashin hannayen jarin da kamfanin ke riƙe da su, za ka samu ƙaramar lamba mai daɗin gani wadda ba ta nufin komai.

Daga nan ka buɗe bayanin shige da ficen kuɗi. Ka jera ribar shekara biyar a layi ɗaya, kuɗin da aka samu daga gudanar da harka a layi na biyu, rabon ribar da aka biya a na uku. Shekara ɗaya za ta iya karkacewa saboda dalili mai kyau. Amma in shekara biyar a jere riba ta fi kuɗin da ya shigo nesa ba kusa ba, kuma rancen banki yana hawa, to da rance ake raba muku riba. Wata fa'ida a nan: a kamfanin da ke karɓar kuɗin jama'a ya juya, kuɗin gudanarwa yakan kumbura saboda sababbin ajiyar abokan ciniki. Wannan kuɗin mutane ne, ka cire shi kafin ka kwatanta.

Mataki na biyar: shekarun bashi da tanadin asara

Duk mai shago a Kantin Kwari ya san bashin da aka ci makon jiya daban yake da wanda ya kwana biyu a littafi har mai shi ya daina bi ta layin. Rahoton kamfani ma yana da irin wannan littafi: jadawali da ke raba bashi zuwa wanda lokacinsa bai yi ba, wanda ya wuce da kwana 30, 90, 180, da wanda ya haura shekara.

Tun 1 ga Janairu 2018, ƙa'idar lissafi ta duniya mai suna IFRS 9 ta hana kamfanoni jira sai bashi ya mutu kafin su amsa asara. Dole su ƙiyasta abin da suke tsammanin zai salwanta, su ware masa tanadi tun da wuri, a cire daga riba. A bashin ciniki akan sa wa kowane rukunin kwanaki nasa kason. A rance kuwa matakai uku ne: lafiyayye, wanda haɗarinsa ya ƙaru, da wanda ya lalace. Ƙa'idar tana ɗaukar jinkirin kwana 30 alamar ƙarin haɗari, na kwana 90 alamar gazawa, amma ta ba kamfani damar kawo hujjar cewa nasa daban ne. A wannan dama ne ra'ayin shugabanni ke shiga lissafi, kuma ra'ayin wanda ladansa ya dogara da riba ba ya rasa karkata.

Ka raba tanadin da jimillar bashin, ka yi haka kowace shekara. In bashi yana tsufa amma kason tanadi yana raguwa, akwai magana. A kamfaninmu na misali, a ce biliyan 20 cikin 60 ɗin ya haura shekara, an ware masa biliyan 2 kacal. In kai a ganinka rabinsa ne zai dawo, ana buƙatar ƙarin biliyan 8. Idan ribarsa kafin haraji biliyan 25 ce, kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi.

Ka duba motsin tanadin ma: nawa aka fara da shi, nawa aka ƙara, nawa aka share gaba ɗaya, nawa aka mayar cikin riba. Mayar da tanadi halal ne in an karɓo kuɗin. In kuwa an mayar ne kawai saboda shugabanni sun ce yanzu suna da kyakkyawan zato, kuma ya faɗo a shekarar da riba ke neman faɗuwa, kada ka lissafa shi a ribar da za ta maimaitu.

Wani abu kuma da tanadi ba ya nunawa sosai shi ne tsadar jira. A ƙarshen 2024 kuɗin ruwan da Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade ya kai kashi 27.5, hauhawar farashi kuma kashi 34.8 a watan Disamba. A irin wannan yanayi, biliyan 60 da za a biya bayan shekara biyu, in ka auna da kashi 25 a shekara, darajarta a yau biliyan 38.4 ce. An biya ka cif, ba a rage ko kwabo ba, amma ka yi asarar biliyan 21.6. Wannan shi ne ainihin ciwon bashin gwamnati.

Mataki na shida: bashin dala

A watan Yuni na 2023 aka saki naira. Dalar da ke kusan naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a cikin 2024. Kamfanin da ke bin dala miliyan 10 ya ga bashin ya tashi daga naira biliyan 4.6 zuwa biliyan 15, bambancin kuma ya shiga riba, ba tare da an turo masa sisi ba. Wasu tashoshin wuta suna da irin wannan bashi, domin suna sayar wa maƙwabta kamar Benin da Togo da Nijar. Ka nemi layin ribar canji, ka ga nawa ne aka karɓa, nawa ne ƙiyasi kawai. Kuma ka tambayi kanka ko wanda ake bin yana samun dala. In ɗan kasuwar gida ne da ke ciniki da naira, bashin da ya ninka sau uku a kansa ya fi kusa da mutuwa fiye da da, duk da a littafi ya fi girma.

Mataki na bakwai: 'yan gida

Kusa da ƙarshen rahoto akwai bayanin hulɗa da makusanta: daraktoci, manyan masu hannun jari, da kamfanonin da suke da hannu a ciki. Kamfanonin zuba jari a Najeriya sau da yawa suna cikin dangi ɗaya na kasuwanci, don haka hulɗa tsakaninsu ba abin mamaki ba ce, kuma ba laifi ba ce a kan kanta. Sharuɗɗan ne abin kallo. Rancen da aka rubuta ba shi da jingina, ba shi da riba, ba shi da ranar biya, ga kamfanin da darakta ke da shi, kuɗinka ne aka ba wani ya yi kasuwanci kyauta. Wa zai kai ƙarar maigidansa kotu don ya karɓo? In irin wannan lamba tana ƙaruwa kowace shekara, ni nakan ɗauke ta kamar babu ita.

Mataki na takwas: abin da oditoci suka faɗa

Ka karanta wasiƙar oditoci tun daga farko. Akwai sashen muhimman batutuwan bincike, inda suke faɗin abin da ya fi ba su wahala. In sun ambaci yiwuwar karɓo bashi, sun nuna maka inda ƙiyasi ya fi yawa. Ba tuhuma ba ce. Amma in sun ce sun amince da rahoton ban da wannan layi, ko ba su samu isasshiyar shaida a kansa ba, magana ta canza. Ka duba bayanin abubuwan da suka faru bayan rufe shekara ma, wani lokaci a can za ka ga an karɓo kaso mai tsoka a watan Fabrairu, hankalinka ya kwanta.

Sa hannun odita dai ba garanti ba ne. A 2006 aka gano Cadbury Nigeria ya kumbura lissafinsa na shekaru da fiye da naira biliyan 13, kuma cikin dabarun da aka yi amfani da su har da danƙara wa dillalai kayan da ba su nema ba don a rubuta ciniki. A 2008 hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar hannayen jari ta hukunta kamfanin da wasu shugabanninsa da oditocinsa. Ba kamfanin zuba jari ba ne, amma alamar iri ɗaya ce a ko'ina: ciniki na hawa, kuɗi ba ya biyo shi.

Rahoton wata uku-uku yana da amfani a nan. In bashi yana faɗuwa kowane Disamba ya sake tashi a Maris, ana share gida ne don baƙi. In kuma ya ragu farat ɗaya, ka tabbatar kuɗi ne ya shigo. Wataƙila an mayar da shi layin kadarorin dogon zango, ko an sayar wa banki da sharaɗin in ba a biya ba a dawo wa kamfanin.

Ga wanda ke kiyaye hukuncin shari'a a jarinsa, wannan layi yana da wata ma'ana ta daban. Mafi yawan malaman fiƙihu ba su yarda a sayar da bashi da ragi ko ƙari ba, saboda haka kamfanin da yawancin kadarorinsa bashi ne da tsabar kuɗi, sayen hannun jarinsa yana shiga shubuha. Shi ya sa ma'aunin shari'a na FTSE, kamfanin Birtaniya mai tsara ma'aunan kasuwar hannayen jari, ya sharɗanta kada bashi da kuɗin hannu su kai rabin kadarori. A gida akwai ma'aunin NGX Lotus Islamic da aka kafa a 2012, wanda jerin kamfanoninsa zai taimaka maka, ko da yake kamfanin da ke samun kuɗinsa daga ruwa ya faɗi tun kafin a zo kan bashi.

Mataki na tara: ka sake yin farashi da kanka

Kamfanin zuba jari da kadarorinsa ake auna shi, don haka duk abin da ka gano sai ya koma kan farashi. A ce dukiyar masu hannun jari a kamfaninmu biliyan 150 ce, hannayen jari biliyan 10, wato naira 15 kowanne a littafi. A kasuwa ana sayar da shi naira 13, dillali yana ce maka araha ce. Ka cire biliyan 21.6 na tsadar jira, saura biliyan 128.4, wato naira 12 da kwabo 84. Arahar ta ɓace tun kafin ka taɓa tsohon bashin nan na biliyan 20 ko rancen makusanta. In bashin a reshe yake wanda uwa ba ta mallake shi duka ba, ka cire daidai kasonta kawai.

Ka yi lissafin sau uku: in an biya cikin shekara, in an biya bayan shekara uku, in an yanke kashi 30. Farashin da zai ba ka riba ko a hali na tsakiya shi ne wanda za ka iya saye da shi. Wani lokaci lissafin yakan fito ta ɗaya ɓangaren, kasuwa ta tsorata fiye da kima ta karya farashin kamfanin da bashinsa mai kyau ne, kuma wanda ya karanta bayanan shi ne zai gane.

In ka riga ka saya, kana da bakin magana. Dokar kamfanoni ta CAMA 2020 ta ce kwamitin binciken kuɗi na kamfanin jama'a ya ƙunshi mutum biyar, uku daga cikinsu wakilan masu hannun jari ne da ake zaɓa a taron shekara. Ka rubuta wa sakataren kamfani kafin taro, ko ka miƙe a zauren, ka yi tambayoyi masu lamba: cikin bashin da ke littafi ranar 31 ga Disamba, nawa aka karɓo zuwa yau? Mutum nawa ne ke riƙe da rabinsa? Wanda ya haura shekara, akwai wanda mai shi ke musun adadinsa? Rancen makusanta yaushe za a biya, kuma da wane sharaɗi? Ka rubuta amsar da aka ba ka da ranar da aka ba ka ita, ka ajiye tare da rahoton, in na baɗi ya fito ka gwada su layi da layi.